Bizar Ummi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je nema wa matata biza ba, ko da kuwa na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba.

Ina aiki a wani kamfanin kago da ke Deira, can ƙasar Larabawa, muna ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya muna turawa gida. A wani hutu da na je ne aka ɗaura mana aure. Ita 'yar Damagaram ce, fasfonta na Nijar, a bikin wani abokina na fara ganinta. Ko amarci ba mu gama ci ba hutu ya ƙare, na bar ta a gidanmu wajen Hajiya mahaifiyata, na cika baki na ce nan da 'yan watanni zan aiko mata da biza. Shekara ta zagayo ba biza ba labarinta.

A lokacin a unguwar Hor Al Anz nake kwana, ɗaki guda mu da yawa, gado a kan gado, kuma ba a ba mutum izinin kawo iyali sai yana da muhalli da sunansa. Da ƙyar na samu wani ɗan filat a Abu Hail. Ta waya matata ta zaɓi kalar labule, ni kuma na sayo tukwane da ban san me ake dafawa a cikinsu ba. In na dawo daga aiki sai in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama (firji kaɗai ke amsawa, shi ma da gurnani). Wani lokacin in ajiye wayar a kan tebur tana magana ina cin abinci, don dai in ji kamar mu biyu ne.

To, akwai wani abu da ya kamata ku sani. Sunan matata ɗaya da na Hajiya. Ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa furta sunan nan ba, ko a makaranta aka tambaye ni sai dai in rubuta. Shi ya sa tun muna zance nake kiranta Ummi, kowa a gidan ma ya kama.

Ranar da takarduna suka haɗu na sa farar shadda, na fesa turare kamar a ranar za ta sauka, na nufi ofishin da ake cike takardun biza. Wanda na faɗa hannunsa wani ɗan Masar ne mai yawan raha, yana haɗa Larabci da Turanci, ni ma ina lallaɓawa da nawa. Ya duba hoton fasfonta, ya duba takardar aure, sai ya ɗago. Ashe a fasfo an rubuta sunan irin rubutun Faransanci, a takardar aure kuma irin namu na Kano, shi a ganinsa mata biyu ne. Ya tambaye ni yadda sunan matar yake.

Ban ko yi tunani ba na ce, "Ummi."

Ya ajiye biro. Ni na manta cewa a bakin Balarabe ummi na nufin uwata. Ya ce bizar mahaifiya daban take, sharuɗɗanta ma daban. Na ce a'a, mata ce. Ya sake tambayar sunanta, na sake cewa Ummi. Ya ce, "Habibi, matarka ce ko uwarka?" Ni kuma don in warware zancen sai na ce ai duk sunan ɗaya ne. Wata mata da ke kujerar baya ta tuntsire da dariya. Na waiwaya, sai ga Alhaji Bala, babban kwastomanmu, zaune a layi ya toshe baki da hula.

Ɗan Masar ya ce ba komai, in faɗi sunan kawai ya ji, khalas, shi ke nan. Na buɗe baki, sunan ya zo wuya ya tsaya. Gumi ya keto min duk da sanyin na'ura. Na ga ya fara yi min wani irin kallo, irin na mutumin da ya zo da auren bogi, don wane miji ne zai kasa faɗar sunan matarsa? Sai dabara ta zo min: in kira ta a bidiyo ta faɗa da bakinta.

Ta ɗauka. Fuskarta ta fito, ɗankwali a karkace, da alama daga kicin take. Wallahi na ɗan manta inda nake, kallonta kawai nake yi, na ga ta rame kaɗan. Sai hoton ya daskare. Na ce "Ummi? Ummi, kina ji na?" Shiru. Ɗan Masar ya ɗaga gira, ya ce yalla, in hanzarta, mutane na jira. Na ga shekara guda ta wahala za ta tafi a banza saboda kunya. Na runtse ido, na ƙara sautin waya, na ɗaga murya na ce:

"Hauwa'u!"

A daidai nan layin ya washe. Wata murya da na fi sani fiye da kowace a duniya ta ce, "Na'am."

Hajiya ce. Ummi ta zagayo tsakar gida neman sabis, ta tsaya daidai tabarmarta. Hajiya ta leƙo cikin wayar, ta gyara tabarau, ta ce, "Kai ne? Ikon Allah. Ashe ka san sunan. Na zaci sai na mutu za ka faɗa wa masu haƙar kabari." Ta bayanta ina hango Ummi ta durƙushe, ta rufe fuska da gefen zani, kafaɗunta na rawa don dariya.

Alhaji Bala ne ya taso, yana share hawayen dariya, ya yi wa ɗan Masar bayani da Larabcinsa na kasuwa. Mutumin ya dafa ƙirji ya ba ni haƙuri, ya ce shi ma a ƙauyensu ba a faɗar sunan uwa a gaban maza. Duk da haka ya ce sai an kawo shaidar cewa sunayen biyu mutum ɗaya ne. Na tattara takarduna na fita, ban san ta wace ƙofa ba.

Har yanzu shaidar tana yawo daga wannan ofishi zuwa wancan, Ummi tana Kano, ni ina nan. In na buga waya gida Hajiya ta ɗauka, sai ta tambaye ni wace Hauwa'un nake nema, babbar ko ƙaramar. Ita kuwa Ummi, bayan kwana biyu ta shige ɗaki ta rage murya ta ce tun da ta baro Damagaram ba wanda ya kira ta da sunanta, sai ranar, kuma ta ji daɗinsa a bakina. Ta ce in sake faɗa. Na ce sai ta sauka a filin jirgi, in faɗa mata a kunne.

Abin da na koya dai, duk zumuɗin da kake yi, kafin ka ɗaga murya a waya fara tambayar wa ke zaune a tsakar gida.