Yadda Za Ki Sa a Rage Kuɗin Babban Ɗaki Cikin Wata Guda

'Yar'uwa, idan kina zaman haya da wasu, Allah ya sa babban ɗakin nan mai banɗaki a ciki ya faɗo hannunki, sannan wata mai dogon baki ta fara cewa ya kamata a raba kuɗin haya da adalci, to ki kwantar da hankalinki, kin zo wurin gwana. Matakai bakwai ne. Ki bi su a jere, na ba ki tabbaci kafin wata ya ƙare za a rage kuɗin babban ɗakin, a rubuce, da sa hannun kowa. Ni na gwada, kuma an rage.

Mu uku ne a gidanmu. Ni sakatariya ce, ni ke da babban ɗakin: taga biyu, banɗaki, da filin da mutum zai juya bai buge gwiwa ba. Nas, ma'aikaciyar asibiti, tana na tsakiya. Mai Kitso, ƙaramar cikinmu, tana wanda ke jikin kicin, wanda dillali ke kira ɗaki, mai gida kuma ke kira sito. A ce kuɗin hayar talatin ne. Shekara biyu kowa na ba da goma muna zamanmu lafiya, har ranar da Nas ta dawo daga aiki da 'yar takarda: wai ni sha uku, ita goma, Mai Kitso bakwai.

Mataki na 1: Ki riga kowa son adalci

Kada ki yi gardama. Mai gardama ita ce mara gaskiya tun ba a zauna ba. Ki dafa ƙirji ki ce, "Wallahi kin riga ni a baki ne, abin ya daɗe yana damuna." Daga nan duk abin da ya fito daga bakinki ya zama maganar mai tsoron Allah.

Mataki na 2: Kada ki bari a auna

Tef ɗin awo ba shi da kara, bai san babba ba. Idan akwai shi a gidan, ya ɓata yau. Idan wata ta aro, ki ce a cire wurin da gado ya cinye, da na sif, da inda ƙofa ke buɗewa, tunda ba a nan kike zama ba. Ni da na gama cire-cirena, ɗakina bai fi na Nas da komai ba sai wurin ajiye takalmi.

Mataki na 3: Ki mai da kowace ni'ima jarrabawa

Taga biyu? Labule biyu ke nan, da ƙarar motoci, da rana mai shigowa ba sallama. Banɗaki a ciki? Wa ke wanke shi, wa ke sayen sabulun wankinsa? Faɗin ɗaki kuwa shara ce kawai, ki tambayi bayanki. Ki riƙa faɗin waɗannan ɗaya-ɗaya, kina tsaka da wanke-wanke, kamar subutar baki. Idan Nas ta ɗaga gira, ki saki ajiyar zuciya ki ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Karin magana ba ta buƙatar shaida, shi ya sa magabata suka bar mana ita.

Mataki na 4: Ki yi sha'awar ɗakin ƙaramar

Ki tsaya a bakin ƙofarta, tunda ciki ba wurin tsayuwa, ki ce, "Ƙanwata, ke kam kin dace. Ba ƙara, ba rana, taku biyu kin kai kicin. Shara minti ɗaya kin gama." Rashin taga ki kira shi sirri. Zafin murhu da ke ratsa bango ki kira shi ɗumi.

Tamu ta yi murmushi ta ce, "Haka ne, Yaya, an gode Allah." Irin waɗannan su ne abokan zama na gari. Idan kin samu, ki riƙe.

Mataki na 5: Ki nemo danshi, ki haɗa da tari

Kowane bango yana da tabo idan aka matsar da sif. Ki nemo naki. Kafin ki kira su gani, ki ɗan shafa masa jiƙaƙƙen tsumma, don gani ya kori ji. Sannan ki fara tari. Kada ki yi zalama: sau biyu da safe, sau ɗaya idan kin ji motsin mutum a falo, da ɗan dukan ƙirji. Idan an ce sannu, ki girgiza kai ki ce ba komai, kin saba.

Wannan matakin shi ne gishirin aikin. Kwana huɗu da farawa Mai Kitso ta fara ajiye min ruwan zafi da citta a bakin ƙofa kafin ta tafi shago.

Mataki na 6: Ki sa a rubuta, kuma a ɗora kuɗin a kan ɗaki

A ranar zama ki zo da biro naki. Za su iya cewa ai ke kika fi kowa albashi, to ki toshe wannan ƙofar tun da wuri. Ki ce, "Ba mutum muke sa wa kuɗi ba, ɗaki muke sa wa. Duk wadda ke ciki ita ke biya." Ki sa a ja layi a ƙarƙashinsa.

Mu ga yadda muka tashi: babban ɗaki mai danshi da ƙara, tara. Na tsakiya, goma. Na jikin kicin mai sirri da ɗumi, sha ɗaya. Mai Kitso ta daɗe tana kallon takardar, leɓenta na motsi, na san kawunan da za ta ƙara kitsawa take ƙirgawa. Ta sa hannu. Nas ma ta sa. Na ɗauka ta sallama ne.

Mataki na 7: Ki tabbata babu nas a gidan

Na yarda wannan ya kamata ya zo a farko. Nima a ƙarshe na koye shi.

Tawada ba ta bushe ba Nas ta shiga ɗakinta ta fito da abin sauraron ƙirji. Ta ɗora min a baya ta ce in ja numfashi. Na ja, na ƙara da tari ɗaya na ladabi. Ta naɗe abinta a hankali tana kallona cikin ido.

"Sakatariya, ƙirjinki ban ji komai ba," ta ce. "Irin wannan tarin da ba a jin sa a ƙirji shi ya fi ba ni tsoro. Mako uku, ga danshi. Ba za ki sake kwana a ɗakin nan ba."

Na ce ai da sauƙi, yau ma ban yi sosai ba.

"Haka yake yi kafin ya kwantar da mutum," ta ce.

Sai Mai Kitso ta kama hannuna, idonta ya ciko. "Yaya, ki koma nawa. Kullum kina yabonsa, ni ce ban yi hankalin ba ki ba. Ni wuni nake a shago, danshin ba zai same ni sosai ba. Don Allah kada ki ce a'a."

Na buɗe baki ina neman ta inda zan fita, sai na ga Nas ta miƙo min waya. Mahaifiyata ce a kan layi, Nas ta riga ta gaya mata komai. Ashe tun ranar da na tare a gidan nan, Umma ta karɓi lambar Nas, irin ta iyaye.

"Ke, wane irin zurfin ciki ne wannan?" in ji Umma. "Ciwo na cinki kina ɓoye min? Yau za ki fita daga ɗakin nan, ba gobe ba. Ba ni yarinyar nan in sa mata albarka."

To a nan sai ki zaɓa. Ko dai ki gaya wa mahaifiyarki da yarinyar da ta yi mako biyu tana dafa miki citta cewa tsumma kika jiƙa, ko ki ɗauki katifarki. Ni katifa na ɗauka. Gadon bai shiga ba, sif ɗin ma haka, suna can wurin Mai Kitso tana riƙe min amana. Da gaske baki shi ke yanka wuya, ni nawa har biro ya zo da shi.

Yanzu sha ɗaya nake biya. Kullum da safe sai Mai Kitso ta tambaye ni ƙirji. Idan na ce na warke, Nas ta yi gaskiya ke nan, sai in ci gaba da zama. Idan na ce da saura, ba maganar komawa. Ba wannan ya fi ci min rai ba. Sai da na kwanta a nan, ƙafata na taɓa ƙofa, hayaƙin kowane girki na bi ta kaina, na san inda yarinyar nan ta yi shekara biyu tana biya daidai da ni, ba ta taɓa ko tsaki ba. Kunya nake ji, kuma ita kunya ba a rage mata kuɗi.

Sanarwa

Marubuciyar nan ta yi alkawarin za a rage kuɗin babban ɗaki, kuma an rage. Ba ta taɓa cewa ke za ki kasance a ciki ba. Duk wadda ta bi waɗannan matakai ta rasa taga, banɗaki, gado ko idon kallon ƙanwarta, ita ta jiyo, babu hannuna babu ƙafata. Mai ƙorafi ta same ni a ɗakin da ke jikin kicin. Ta ƙwanƙwasa, ta faɗi abin da ke tafe da ita daga waje, don ba ya cin mutum biyu.