Taurarin Malam Caja

Makarantu da yawa suna da malamai, amma ba kowace makaranta Allah ya ba mutum irin Malam Caja ba. Bita ya je ta kwana uku a kan ƙarfafa wa ɗalibai gwiwa, ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin ginin makarantar. Har yau katin bitar yana rataye a wuyansa, ko da yake hoton ya koɗe. Sunan kuwa ɗalibai ne suka raɗa masa, tun ranar da ya hau dandamali a taron safe ya ce, "Ɗan Adam batir ne. Ku duka kun sauka. Ni ne aka aiko in yi muku caji."

A zangon nan kujerar mataimakin shugaban makaranta ta zama babu kowa, aka ce mai duba makarantu za ta zo ƙarshen zango ta ga wanda ya cancanta. Malam Caja ya riga ya auna tagar ofishin don labule. Saura kawai abin da zai nuna mata, sai idonsa ya faɗa kan laburare.

Malamar laburare mace ce mai rubuta komai: wanda ya ari littafi, ranar, har da mintin da ya dawo da shi. Rajistarta ta nuna masu karatu talatin da ɗaya, 'yan faɗa a kan manyan littattafan labari. Akwai wata doguwar yarinya da sai an kore ta kafin a rufe ƙofa.

"Talatin da ɗaya kacal?" in ji Malam Caja. "Malama, masana sun raba himma gida biyu, ta ciki da ta waje. Ke kina zaune kina jiran ta ciki. Ni kuwa daga waje nake shigo da ita, buhu-buhu."

Ya manna babban kwali a bango. Doka ɗaya ce: duk wanda ya ari littafi ya dawo da shi, tauraro ɗaya. Mai goma a kira sunansa a taron safe a tafa masa. Shi kansa ya ari wani ƙaton littafi kan ilimin himma, sabo fil, yana yawo da shi a hammata don ya zama abin koyi.

Gaskiya a faɗe ta, abin ya yi aiki. Cikin wata guda aka ari littafi sau ɗari huɗu da sha biyu. Sai dai rajistar, wadda ba ta san kara ba, ta nuna littattafai tara ne kawai ke zagayawa. Ɗan littafin yadda ake kashe gobara, mai shafi shida, an are shi sau hamsin da takwas. Wani ya dawo da shi cikin minti huɗu. Doguwar yarinyar nan ta daina tambayar, "Anti, da daɗi?" ta koma, "Anti, shafi nawa ne?"

Malama ta kai masa rajistar. Ya ture da bayan hannu. "Wannan ƙananan bayanai ne. Mu masana jimilla muke kallo."

Ranar da mai duba makarantu ta zo, kwalin yana ƙyalli kamar an yi ɓarin sama. Malam Caja ya zana mata dalar buƙatun ɗan Adam a allo, ya nuna can ƙololuwa, inda ya ce nan ya kai ɗaliban. Sannan ya gabatar da zakaransa, mai taurari casa'in da shida.

"Madalla, ɗana," ta ce. "Wanne ka fi so a cikinsu?"

"Mai jan bango."

"Me ke cikinsa?"

Yaron ya dubi Malam Caja, ya dube ta. "Ai ba a ce sai mun buɗe ba."

Malam Caja ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, buɗewa mataki na biyu ne. Yana cikin tsarin zango mai zuwa."

Mai duba makarantu ta matsa kusa da bango. Ta bi kwalin da yatsa har ƙasa, inda ta ga sunan Malam Caja da tauraro guda a gefensa. Ta tambayi dalili.

"Shi ma ya ari ɗaya, jiya ya dawo da shi," in ji Malamar laburare. "Doka ba ta ware kowa ba." Ta ɗauko ƙaton littafin ta ajiye a tebur. Yana nan cikin ledarsa ta kamfani, ko farce bai taɓa ta ba, sai dai ɗan shatin gumin hammata.

Mai duba makarantu ta yage ledar da makullin motarta, ta duba jerin babi, ta buɗe na uku, ta juya littafin ya fuskance shi. Babin kacokan gargaɗi ne cewa yawan ba da tukuici a kan abin da yaro ke so don kansa yana iya kashe son.

Kujerar dai malamin lissafi aka ba, wanda bai taɓa zuwa bita ba. Washegari aka cire kwalin, amma Malama ta yanke ɗan gefen da sunan Malam Caja da tauraronsa guda suke, ta sa a ambulan ta aika masa, domin haƙƙinsa ne. Ya cika duk sharuɗɗan da ya gindaya.