Ranar da Majalisa Ta Tono Ni Daga Murhun Banda

Ba zan taɓa mantawa da kukan turmin Gwaggo Hansai ba. Yau mako uku ke nan, amma ko taɓarya aka yar a bayana sai na zabura. Da hantsi ne, ina tsugune ina wanke tarwaɗa, sai na ji shi: ƙwal, ƙwal, ƙwal. Turmin da ke da hatsi ba ya irin wannan kuka. Babu komai a cikinsa.

In ba a bakin iyaka ka tashi ba, sai na yi maka bayani. Unguwarmu tana gefen kogi a ƙasar Bagudo, kuma gidan Gwaggo Hansai ne na farko in ka gangaro daga titi. Duk ranar da motar hukuma ta karyo kwana, sai ta hau dakan turmi wayam. Da wuya ka sami gidan da babu ɗan buhun shinkafar tsallake, ko jarkar man da za a kai wa ɗan'uwa a Benin. Da an ji turmi, buhu zai shige ƙarƙashin gado, kowa kuma ya manta sunan maƙwabcinsa. Baƙo ya tambayi gidan wane, ko a ƙofar gidan yake tsaye, ba a san shi ba.

Ni dai na san ba shinkafa ta kawo su ba. Ni suka zo nema.

Ga yadda aka yi. Da damina 'yan fashi suka matsa wa iyayenmu mata a hanyar kasuwar Dole Kaina, su ƙwace kifi, su ƙwace har zanen da ke kai. Innata sai da ta yi wata guda ba ta iya ɗaga hannun dama. Ƙungiyar mata masu banda ta zauna, aka ce a rubuta wa ɗan majalisarmu na tarayya. Ni ce sakatariya (ba zaɓe aka yi ba, ni kaɗai na gama sakandare). Suna faɗa ina rubutawa, ina ƙara gishiri. Na ce shingayen binciken da ke hanyar sun fi ƙauyukanta yawa, amma a tsakaninsu ake tare mu, don haka minista ya fito ya gaya mana aikin da suke yi. A ƙarshe na rubuta: "Mu ba ma tsoron kowa sai Allah." Har layi biyu na ja a ƙarƙashi.

Kowace ta dangwala yatsa, muka ba wani direba ya kai, muka manta. Wa ya taɓa jin gwamnati ta karanta wasiƙar masu kifi?

Sai ga shi a rediyo, a shirin da ake kawo labarin majalisa. An kira minista ya amsa tambayoyi kan tsaron iyaka, ɗan majalisarmu ya miƙe ya karanta masa wasiƙar tun daga sallama har ƙarshe. Minista ya ce za a duba. 'Yan majalisa suka ce ba su yarda ba, ya faɗi yaushe. Wani ma ya tambaye shi ko ya taɓa bin hanyar. Kwana biyu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa, mata suna ta rangaɗa mini guɗa a bakin ruwa. A rana ta uku Kawu Ɗanjuma mai jirgin fito ya dube ni ya ce, "Ke ɗiya, kin kunyata minista duniya na ji, kina zaton turare za shi aiko miki?"

Tun daga nan kunnena yake kan turmin Gwaggo Hansai.

To da turmi ya yi kuka, kifin da ke hannuna ya suɓuce. Kakata ta fito daga ɗaki da saurin da ban san tana da shi ba. "Ke 'yar boko, taho!" Kogi ya yi nisa, ɗaki kuwa shi za a fara dubawa. Ta ja ni bayan gida wurin murhun banda, wannan zagayen ginin laka da ake ɗora wa ragar waya a shanya kifi a kai. Ta ɗage raga, ta tura ni ciki, ta mayar, ta jera tarwaɗar jiya a samana, ta rufe da fallen kwano.

"Kaka, tokar da zafi!"

"Gidan yari da sanyi? Ko tari kinka yi, ban san ki ba."

Can na ji sallama. Muryar mace ce, a natse. Ɗan sandan da ya rako ta ya tsaya a waje. Ta ce sunanta Hajiya Rabi, akawu ce a kwamitin majalisa, tana neman sakatariyar mata masu banda. Gida na farko an ce mata ba a taɓa yin wannan ƙungiya ba. Na biyu an ce yarinyar tana asibiti a Birnin Kebbi. Na uku an ce ba ta da lafiyar kai, kada a biye mata (na gano mai wannan maganar, kuma har yau gaisuwarmu sama-sama ce).

Kaka ta ce, "Wayyo, kun makara. Ta yi arme tsallake tun bara, mijin ya ɗauke ta."

"Tun bara, Inna? Wasiƙar ta watan jiya ce."

"Can ta rubuto. Ai akwai biro Benin."

Na ji Hajiya ta yi dariya, na ji an shimfiɗa tabarma. Wato zama za ta yi. Ta ce, "Ba komai, zan jira. A Abuja ake son ganinta."

Abuja! Kawu Ɗanjuma ya yi gaskiya. Na fara karanta duk addu'ar da na iya, har ta shiga kasuwa. Tafin ƙafata yana gasuwa, man kifi yana ɗiga mini a ƙeya yana bin bayana, toka ta cika mini hanci. Ta ramin da ake tura itace ina hango ƙafafun mata suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, wai duk aron rariya suka zo.

Ashe Hajiya 'yar masu banda ce, a Yawuri ta girma. Hira ta yi hira, sai na ji ta ce, "Inna, ku a nan haka kuke yi? Ku rufe kifi ruf babu hayaƙi? Ai zai yi gumi ya lalace."

"Haka mu ka yi tun kakanni," in ji Kaka.

"Bari in gani."

Takunta ya matso. Kwano ya ɗaga, haske ya shigo, muka haɗa ido ta tsakanin tarwaɗa biyu.

Da a ce na yi shiru, da abin ya tsaya a dariya. Ban yi ba. Na miƙe zumbur da raga a ka, kifi na zubowa ta kafaɗuna, na ɗaga hannu sama, bakina ya kama aiki ba da izinina ba.

"Wallahi ba ni ba ce! Ni biro kawai na riƙe! Maganar shinge Inna Mairo ta kawo ta! Gwaggo Hansai ce ta ce a ambaci minista! Innata ma ta dangwala, ga yatsanta nan na huɗu daga sama!"

Ban bar kowa ba. Sunaye goma sha ɗaya na jero, da unguwa da sunan miji, dukkansu kuma suna tsaye a tsakar gidan suna kallona. Matan da tun hantsi suke zabga ƙarya don su rufa mini asiri.

Gwaggo Hansai, taɓarya na hannunta, ta ce, "Ashe? Ni da na daki iska saboda ke har kafaɗata ta sage?"

Innata ta kalli yatsanta. Hajiya ta buɗe jaka ta zaro wasiƙar, ta gyara tabarau, ta karanta layin ƙarshe a hankali, har da gaya musu cewa an ja masa layi biyu. Inna Mairo ce ta fara fashewa da dariya, ta dafa bango. Sauran suka bi. Har ɗan sandan da ke waje ina jin tarinsa.

Ni kuka nake yi sosai, hawaye na yanka hanya a cikin toka. Hajiya ta cire mini ragar da hannunta, ta kama ni ta fito da ni, ta zaunar da ni a tabarma duk da ƙarnin da nake yi.

"'Yata, saurare ni. Majalisa ba ta kama wanda ya kawo kuka. Minista zai dawo gaban kwamiti, muna son waɗanda ke bin hanyar su zauna yana zaune, su faɗi abin da suka gani da bakinsu. Shi za a tambaya. In akwai mai neman murhu a wannan magana, ba ke ba ce."

"Ba za a tafi da ni ba?"

"Sai in kin yarda, kuma da iyayen nan naki, in sun haƙura sun zauna mota ɗaya da ke."

Daidai nan aka kira azahar. Kaka ta goge mini fuska da bakin zanenta, ta ce, "Tashi ki yi wanka, jaruma, kada ki kore 'yan majalisa da wari."

Mu dai an koya mana kai kuka ga hukuma, an koya mana ɓuya daga hukuma, amma ba wanda ya gaya mana abin da ake yi in ta zo da amsa. Yanzu na sani: a bari baƙo ya faɗi abin da ya kawo shi tukuna, kafin a fara miƙa masa uwa.