Ranar da Na Koya wa Wake Sauri

Har yau ina ganin laifin waken ne, amma ba wanda ya yarda da ni.

Ranar Asabar ce, jajibirin bikin godiyar kaka, mawaƙan cocinmu za su ci abinci a gidanmu bayan koyon waƙa. Matata ta ɗora jan wake a tukunyar ƙasa tun da safe, ta ce, "Baban Ladi, ka bar shi a kan garwashi ya nuna a hankali. Manja da riɗi kawai za ka zuba." Ta wuce Gidan Waya gaisuwa.

Ni da na shekara ashirin ina koyar da kimiyya, wake ne zai sa ni zaman jira? Na san kanwa tana sa shi laushi. Mata ɗan ƙiris suke jefawa, ni kuwa na jefa dunƙule kamar ƙwan agwagwa. Kafin rabin awa ya yi luguf. Har tausayin mata na ji, da suke ɓata yini a bakin murhu.

Mawaƙa suka ci, suka ƙara. Shugabarsu ta ce, "Malam, hannunka akwai albarka."

Washegari ana tsakiyar waƙar godiya, maza masu bes, wato babbar murya, suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, hannu a ciki. Kafin baiti na uku, saura mata biyu da mai ganga, yana haɗa gumi. Fasto ne ya ƙarasa waƙar.

Shekara huɗu ke nan. Amma duk ranar da na bi ta kasuwar Kafanchan, mai sayar da kanwa sai ta ɗaga murya, "Malam, na gida za a ba ka, ko na mawaƙa?"