Ƙaro a Haƙorin Malam Ramalan

Tun daga Yalwa Afra'u ta taho a bayan babur ranta a ɓace, don ba ta ko karya ba babanta ya taso ta. Wai ta je Unguwar Gai ta ɗauko kakanta Malam Ramalan, ta kai shi wurin likitar haƙori a Rano kafin azahar, ko da ɗaure shi za ta yi. Cikon da aka yi masa a matauni shekara biyu da suka wuce ya faɗo, yau kwana goma sha ɗaya. Matarsa Inna Tani ce ta bugo waya ta tona, ta ce tsohon ya koma kunu safe da yamma. 'Ya'yansa maza uku sun gwada, ya fatattake su. Saura jika, ita da bakinta ba ya jin kunyarsa.

A zaure ta same shi kan buzu, ya naɗe rawani har haɓa, ga ƙoƙon ƙaro da yake haɗa tawada da shi a gabansa.

"...da ruwa, da mutan Yalwa, da babanki, da gajiyar hanya?" in ji shi, yana ta jero mata gaisuwa.

"Duk lafiya lau. Angona, yau da rabin baki ake gaisuwa? Ɗaya gefen ya tafi ci-rani ne?"

"Ji mummuna. Da sassafe an turo min masifa a kan babur. Ba tun bara na sake ki ba?"

"Ban ga takarda ba. Sauke rawanin nan in ga kuncinka."

"Rawanin malami ne, ba ɗankwalin uwarki ba."

Ba ta tsaya jin ta bakinsa ba, ta kama gefen rawanin ta ja ƙasa. Kunci ya yi suntum, sai ƙyalli yake, kamar ya ɓoye dafaffen ƙwai a ciki.

"Innalillahi! Malam, ciki ne da kai a fuska? Wata nawa?"

"Ƙiba ce. Tani tana kula da ni, ba kamar ke ba da ko ruwan zafi sai kin ƙona."

"Ƙibar gefe ɗaya? Tashi, don Allah, mai babur yana waje. Likitar nan ranar Alhamis kawai take zama, in ta tashi sai wani satin."

"Ta zauna ta tashi, ba ruwana. Ni na gyara abina."

"Ka gyara me?"

Ya buɗe baki a hankali ya nuna da yatsa. Afra'u ta leƙa. Ga ɗan farin cikon nan a ramin, ya karkace, wani abu mai yauƙi ya zagaye shi. Ta dubi bakin, ta dubi ƙoƙon, ta sake duban bakin.

"A'a. Wallahi a'a. Kar ka ce min ƙaro ka sa."

"Ƙaro mai kyau, na jejin Kibiya. Kullum in na idar da asuba sai in jiƙa, in shafa, in mayar da shi gurbinsa, in cije. Shi ke nan."

"Ƙaron tawada? A baki? Ni 'yasu, wa ya aura min wannan mutumin?"

"Ke me kika sani? Akwai littattafan kakana a ɗakin can, tawada da ƙaro aka rubuta su, sun fi shekara ɗari, ko wasali ɗaya bai goge ba. Gam ɗin likitarku kuwa shekara biyu ya yi ya saki. To wanne ne gam?"

"Littafin kakanka a baki yake kwana? Kunu ake ɗura masa? Ba kai kake rubutu a allo, ka zuba ruwa, rubutun ya bi ruwa ka ba mutane su sha ba? To bakinka fa, rairayi ne a ciki?"

Malam ya gyara zama. "Wannan daban."

"Sau nawa yake faɗowa a rana?"

"Bai taɓa..."

Daga cikin gida muryar Inna Tani ta taso: "Jiya sau huɗu! Ɗaya a kwanon kunu, da ludayi na tsamo shi!"

"Tani, da ke ake magana?"

Afra'u ta dafe kai da hannu biyu. Rana tana ta ɗagawa, mai babur ya fara danna oda a waje, ita kuma cikinta sai kuka yake. Ta wangale baki ta matso da fuska dab da tasa.

"Duba nan. Duba da kyau, in idon ma bai tafi ci-ranin ba. Rana ɗaya aka yi mana ciko ni da kai, kujera ɗaya, gam ɗaya, likita ɗaya. Nawa ga shi daram. Da shi nake fasa aya, da shi nake tauna ƙashin kaza. Me ya sa nawa bai saki ba?"

"Bakinki ne ko gam tsoronsa yake ji."

"Saboda ni na yi shiru ne!"

"Ke? Shiru? A rubuta ranar a ajiye."

"Minti goma na yi shiru, kai ko ɗaya ka kasa. Ina tsaye a wurin, kar ka ce za ka musa. Matar nan ta cusa maka auduga, ta busar da haƙorin, ta ce, Baba zan shafa gam, abin nan ba ya shiri da yawu, kar ka motsa har sai na haska masa fitila ya daskare. Ta shafa ke nan sai ga Bello mai shanu ya leƙo yana neman ɗakin allura, ya ce salamu alaikum. Me ka yi?"

"Na amsa."

"Ka tofar da auduga ka amsa! Ka tambayi iyali, ka tambayi shanu, ka tambayi ƙaiƙayin ƙafar babarsa. Likitar ta wanke ta sake daga farko, ba ta ce komai ba, baiwar Allah. Tana shafa na biyu sai mai shara ya yi sallama."

"Lukman ne, ɗan Ishiyaku, a gabana aka raɗa masa suna."

"Ka sake tofarwa! Da ta ce a yi na uku ka ce kai ba kwano ba ne da za a yi ta wanke ka, a cika haka. Ta faɗa maka a gabana, ta ce zai zauna, amma yawun da ya shiga zai dinga cin gam ɗin ta gefe a hankali, ba ta ba shi shekara uku ba. To ga shi. Ƙarya ta yi?"

"Musulmi ya yi min sallama, in yi tsit da auduga a baki kamar gawa? Shekarata saba'in da huɗu ban taɓa barin sallama ta faɗi ƙasa ba. Sai a kan haƙori?"

"To ai haƙorin ne ya faɗi ƙasa."

Malam ya kau da kai. Ya kai hannu kunci, ya sauke da sauri don kar ta gani. Ta gani. Sai ta buɗe jakarta ta zaro gasasshiyar masara da ta saya a bakin hanya, da ɗuminta, ta zauna a gabansa ta fara gutsura, ƙarar tauna har cikin gida.

"Sabuwa ce?" in ji Malam, idonsa a kai.

"Ta bana. Zaƙi kamar an sa zuma. Ba ta masu kunu ba ce."

"Miƙo nan, marowaciya. In nuna miki aikin ƙaro."

Ta karya ta ba shi rabi. Ya saita ta a gefen cikon, ya dube ta da gadara, ya datsa. Sai ga tsoho ya yi tsalle a zaune, rawani ya warware, ya saki wata ƙara da ta kori kajin ƙofar gida. Ya tofa a tafin hannu: ƙwayar masara uku da ciko.

"Na yau ɗaya!" in ji Inna Tani daga ciki.

Afra'u ta so yin dariya, amma ta ga hawaye a gefen idonsa, sai dariyar ta maƙale. Ya dubi ɗan farin abin a hannunsa. Da ya yi magana, muryar ta sauka.

"In na je wurin likitar nan cire haƙorin za ta yi. Shi kaɗai ya rage min a ƙasa ta wannan gefen. Yana fita na gama da goro, na gama da nama."

"Baba ya kira ta jiya. Ta ce sai ta gani. In ruɓar ba ta ci jijiya ba za ta iya ceto shi, in ka ƙara sati kana wasan ƙaro, to sai cirewa."

"Ko ta sake cikawa, wani zai yi sallama. Asibiti ne, kowa shigowa yake. Ni kuwa na san kaina, zan amsa. Gara in zauna a gida da in je in sake jin kunya a gaban 'yar mutane."

Afra'u ta ajiye masarar. Ita dai aji uku ta tsaya a Islamiyya, amma akwai abin da ya zauna mata, don da tsumagiya aka sa mata shi, kuma a zauren nan.

"Malam, wa ya koya mana cewa in aka yi wa jama'a sallama, mutum ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa sauran?"

Ya ɗago. "Ni ne."

"To ni zan tsaya a bakin ƙofa. Duk wanda ya leƙo ni zan amsa, kai ka ci gaba da zama gawa."

"Ke jama'a ce?"

"Ni da kai da likita, mutum uku. Bakina kaɗai ma ya yi jama'a, kai ka sha faɗa."

Ya shafa gemu, ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, bai sami ƙofa ba. "Hukuncin dai haka yake. Amma cikakkiya za ki amsa. Ba irin taku ta 'yan waya ba. Ki tambayi iyali, ki tambayi ruwa."

"Har kajin gidansu zan tambaya. Tashi!"

Ya miƙe yana tsaki, ya ɗauko kwalin ashana, ya saka cikon da ƙaronsa a ciki, ya danƙa mata.

"Ungo. Sadakinki ne, na mayar da ke."

"Haƙorin roba da yawu? Allah ya isa. Miƙo sauran masarar dai."

Suna kaiwa bakin zaure sai ga Alu maƙwabcinsa da fartanya a kafaɗa. "Salamu alaikum!"

Bakin Malam ya buɗe da kansa. Afra'u ta ɗaga masa yatsa. Ya rufe, ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta miƙe kamar mai ɗaukar buhu.

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, Baba Alu. Ina kwana, ya iyali, ya ruwa? Malam yana gwaji ne, yau ba ya magana."

Alu ya tsaya baki sake yana kallonsu. Sun hau babur, ita a baya tana riƙe da shi kar ya zille, sai Malam ya karkato kai ya yi magana ta lafiyayyen gefen bakinsa.

"Ba ki tambayi jakinsa ba. Jakin ba shi da lafiya."

"Wayyo ni Afra'u! Mai babur, ja mu tafi kafin in cire haƙorin nan da kaina!"

Malam ya fashe da dariya, yana yi yana riƙe kunci.