Rasuwar Shaf ɗin Injin Surukina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, ni mai walda na bakin kwana nake sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a rasuwar shaf ɗin injin niƙan surukina, wato sandar ƙarfen da take juya injin. Ya rasu da hantsi a bakin aiki, a gaban layin mata masu jiran niƙa.

Marigayin ɗan asali ne. Sinadarin kabon mai sa ƙarfe tauri da ke jikinsa tsaka-tsaki ne, shi ya sa bai yi laushin ƙarfen ƙofa da taga ba, wanda kowa ke lanƙwasawa, bai kuma yi taurin magagari ba, wanda in ya faɗi ƙasa sai ya ɓalle. Yana da ƙarfi, yana da haƙuri. Danginsa su ne aksul, da haƙoran giyar mota, da manyan kusoshin da ke riƙe inji. In aka ƙwanƙwasa shi sai ya ce ƙilin, murya tas. In yana aiki kuwa wuuu kawai yake yi. Da guminsa aka ciyar da matata tun tana goye, kafin a ɗauko ta a ba ni.

Ciwonsa bai taka kara ya karya ba. Wurin zaman boris, zoben ƙwallayen da yake juyawa a ciki, shi ne ya ɗan cinye. Surukina ya yi niyyar kai shi wurin masu injin sassaƙa ƙarfe, ni na tare hanya, na ce ina amfanin suruki mai walda in za a kai aiki waje. Dattijon ya ji nauyina ya miƙo min.

Irin wannan ƙarfe sai an ɗumama shi kafin a sa masa walda, in an gama kuma a rufe shi ya huce a hankali. Na sani, ba wai ban sani ba. Amma hannuna ya saba da ƙofa da taga. Na ɗora masa wuta da sanyinsa, na cika wurin, na tsoma shi a bokitin ruwa don in burge da sauri. Ya ce cuuu. Can ƙasa-ƙasa kuma ya ce ƙas. Na ji da kunnena. Na goge shi, na shafa masa giris, na kai shi da kaina ina washe baki.

Ruwan ya ƙandarar da gefen waldar ya zama kamar kwalba. Washegari bai gama kwano na farko ba ya ce ɓas, ya rabu biyu. Bel ya yi tsalle, gari ya wanke fuskar surukina har gemu. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Aikowa ya yi a kawo min gawar, a kuma duba ko ina lafiya, tunda ba a gan ni ba.

Marigayin ya bar boris biyu, da bel, da duwatsun niƙa, da mata da yawa da yanzu suke ɗaukar kwano zuwa wata unguwa. Ya bar matata, wadda take ajiye min abinci ba ta kallon fuskata. Ya bar ni ina zagaye ta bayan gareji don kada in bi layin gidan surukina.

Ba za a sayar da gawar ga masu gwangwan ba. Rabi za a kai wa maƙeri ya fitar da cizal na saran ƙarfe, don ƙarfen yana da sauran amfani ko ni ba ni da shi. Ɗaya rabin zan rataye shi a shago, daidai saman bokitin.

Kafin nan, gobe da safe za a kai gawar gidan mai ita. Ni zan saɓa ta a kafaɗa, ba a buhu ba, kuma ta babban layi. Masu rakiya su tsaya a bakin kwana. Daga nan ni kaɗai zan ƙarasa.