Rasuwar Goggo, Kwamfutar da Ta Riƙe Muryar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, Auta take sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarta, wadda gida ya sani da Goggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a ofis, a kan teburi na uku daga taga, tana da shekara goma sha ɗaya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. In an kunna ta sai ta yi tari sau biyu, kyaf kyaf, fankarta ta ja dogon numfashi, fuuu, sannan ta buɗe ido. Ta raka Auta jami'a, ta sha shayi ta madannai ba ta kai ƙara ba. Babbar amanarta kuwa muryar Baba ce. A jinyarsa ta ƙarshe ya zauna gabanta sau arba'in da ɗaya, yana ba da labarin ƙuruciyarsa, yana tsokanar Umma kan gishirin miya. Shekara huɗu ke nan, duk ƙarshen mako Umma takan sa a ɗora Goggo kan kujerarsa, ta yi ninkin kaya tana mayar masa da martani.

Ga yadda ajali ya zo. A ofishin su Auta akwai ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira, wanda ba ya sanin kayan aiki sai ta bayanin da aka rubuta masa: me wannan yake yi, yaushe ake taɓa shi. Aikin Auta shi ne ta karanta bayanin, ta ba shi maki, sannan ta gwada ko zai kai ɗan aiken inda ya dace. Ranar aka kawo mata bayanin wani kayan aiki, mai layi biyu, wai yana mayar da na'ura sabuwa fil in ta yi nauyi. Gajere, tsaf, ba kwana-kwana. Ta ba shi tara cikin goma.

Akwai na'urar gwaji ta ofis, wadda ko ta ƙone babu mai kuka. Tana hannun babban injiniya. Sau biyu Auta ta tsaya bayan kujerarsa, za ta ara, ta fasa, ta koma mazauninta. Sai ta zaro Goggo daga jaka.

Ta rubuta wa ɗan aiken cewa na'urar ta yi nauyi. Bai yi ganganci ba, a shaide shi. Ya duba bayanin, ya ɗauki kayan da ya dace, ya yi aiki. Babu inda aka gaya masa cewa wankin nan ba ya barin komai, ko cewa a tambayi mai abu tukuna. Minti shida. Da ya gama har ya sanar da ita cikin ladabi cewa an yi nasara.

Masu cewa ai tana kunnuwa su yi haƙuri. Gangar jiki ce. Ta daina tari, ta yi sauri kamar yarinya, kuma da an buɗe ta sai ta gaida Auta gaisuwar baƙo, ta tambaye ta sunanta. Auta ta juya fuskar Goggo bango, duk da haka in ta shiga ɗakin sai ta ji kamar ana jiran amsa.

Kwana uku tana wurin mai gyara, dattijon da ke ƙarƙashin matakala. Ya tono abin da zai iya: daƙiƙa huɗu. Gyaran murya, ƙarar kujera, sai Baba: "To, Auta, ya fara ɗauka?" Shi ke nan. Ta saurara ya fi sau ɗari, tana kasa kunne ko zai ci gaba.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jaka mai mataccen zif, da filas ɗin ajiyar bayanai da Auta ta saya bara don ta kwafe muryar, wanda har yau yana cikin ledarsa. Ta kuma bar takardar maki. Auta ta mayar da taran sifili, ta ƙara wa jerin tambayoyinta guda a sama: bayanin ya faɗi abin da za a rasa? Babban injiniya ya yaba ƙwarai, bai tambayi inda ta samo ba.

Umma ba ta sani ba. An ce mata batir ne, ta ce a gaida mai gyara, ya yi a hankali da tsohuwa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a falon gida. Za a naɗe Goggo a mayafi, a kai ta saman kabad ɗin Baba. Ba a buƙatar taro. Yaya da Anti kawai ake roƙo su iso da wuri, su zauna kusa da Umma, ɗaya dama ɗaya hagu, domin kafin a ɗauki gawa Auta za ta durƙusa ta faɗa wa Umma gaskiya da bakinta, sannan ta kunna mata daƙiƙa huɗun da suka rage.